Yadda za ka fitar da kayan gwari na sayarwa a bazara ba tare da zafi da Sharon sun cinye maka jari ba

Duk wanda ya taɓa shiga harkar kayan gwari ya san daga Janairu zuwa tsakiyar Maris tumatur ba shi da wata daraja, ka je Kwanar Gafan ko Yankaba ka ga kwanduna jibge ana neman mai saye, wani manomin ko kuɗin mota da na 'yan tsinka ba ya fitarwa. Amma da an shiga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu da Yuni sai labari ya canza, kayan ya ɗauke, kwandon da aka wulaƙanta jiya ya ninka sau da yawa, to nan ne kowa ke kwaɗayin ya samu kaya a hannu. Kuma dalilin tsadar shi ne dai abin da ke kashe gonakin, wato zafin bazara da ƙwarin da ke haihuwa cikinsa ba ƙaƙƙautawa, musamman Sharon, tsutsar nan mai cinye ganye da 'ya'yan tumatur. Don haka in kana son cin wannan kasuwar sai ka shirya mata tun wata biyu zuwa uku kafin lokacin, ba ranar da ka ga ganye ya fara ƙonewa ka ruga shagon magani da kuɗi a hannu ba.

Abu na farko ɗan'uwa, ka zauna ka yi wa kanka gaskiya kan abin da za ka shuka. Ba kowane kaya ne ke son zafi ba. Latas da kabeji da karas na sanyi ne, in ka matsa musu a Afrilu latas zai yi ɗaci ya tsaya yana neman fure, kabeji ya ƙi naɗewa. Kuɓewa da kankana da alayyahu da rama da yalo da gurji su ba ruwansu, in dai akwai ruwa to tafiya suke. Tumatur da tattasai da attaruhu su ne a tsakiya, suna rayuwa amma furensu ne ba ya jurewa, da zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai huce ya sauka ƙasa da 25 ba sai ka ga shuka kore shar, fure ya fito, kwana kaɗan ya bushe ya zube ba ɗa. A Kano cikin Afrilu ana kaiwa 40 da ɗoriya, Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi ma sun fi haka. Shi ya sa ni ban ba mai ƙaramin jari shawarar ya zuba gonarsa gaba ɗaya a tumaturin bazara ba. Ka raba, kashi ɗaya tumatur, sauran kuɓewa da kankana, sannan ka bar 'yan fangaloli na alayyahu saboda shi sati uku zuwa huɗu ka fara yanka, da kuɗinsa za ka riƙa sayen mai kana biyan 'yan aiki kafin manyan su nuna.

In ka ce lallai sai tumatur to iri shi ne rabin aikin. UTC ɗin da muka saba da Roma na lokacin sanyi ne, suna yin kyau a hunturu amma bazara tana wahalar da su. Ka nemi irin aure, wato hybrid, wanda aka rubuta a jikin fakitinsa yana jure zafi kuma yana jure cutar nannaɗewar ganye, irin su Platinum da Padma da Kilele da Cobra duk suna kasuwa, ka saya a wurin dila da aka sani ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa kuma fakitin ya zama a rufe. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, kaga tunda yana da tsada ba irin da za ka watsa a ƙasa ba ne yadda aka saba. Kuma kar ka matse 'ya'yan irin aure ka ajiye na baɗi, ba zai ba ka abin da uwar ta ba ka ba.

Reno kuwa nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin su fara kuma ba su sani ba. Farin ƙudan nan ƙanana da ke tashi fuu in ka girgiza ganye, su ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye daga tsohuwar gona su sa wa sabon tsiro, kuma tsiron da ya kamu yana ƙarami ya gama yawo, zai tsumbure ganyen ya murɗe sama ya yi rawaya, babu maganin da zai dawo da shi. To ka yi gadon renonka nesa da tsohuwar gonar tumatur, ka kafa 'yan sanduna ka lulluɓe shi da net mai ƙananan ido ka danne gefensa da ƙasa kar a bar kafa, in babu na musamman ko sabon gidan sauro wanda ba a sa wa magani ba ya fi barin shi a buɗe, duk da dai idonsa ya ɗan yi faɗi. Sama kuma ka yi 'yar rumfa ta kara ko zana mara kauri don ta rage rana. In kana da hali ka yi amfani da tiren reno, ƙwaya ɗaya a rami ɗaya, ranar dashe sai ka cire shi da ƙasarsa saiwa ba ta ji ciwo ba. Sati uku zuwa huɗu ya isa dashe, kar ka bari ya yi tsawo ya rame. Kwana huɗu ko biyar kafin dashe ka fara janye rumfar kana rage ruwa kaɗan kaɗan don ya saba da wahala, sannan dashen kansa bayan la'asar ake yi, ka ba shi ruwa nan take ya kwana yana hutawa kafin ranar gobe ta same shi. Tazara kamar santimita 60 tsakanin layi, 45 zuwa 50 tsakanin shuka.

Yanzu maganar ruwa. Masu gona a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure suna shan ruwan dam ɗin Tiga ta kanal, nasu lissafin daban ne, ranar da aka sako ruwa ita ce ranarsu. Amma mai fadama da ke ja da inji daga rijiyar burtsatse, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowane ban ruwa kuɗi ne mai zafi, shi ya sa wasu suka koma gas wasu sola, kuma shi ya sa sai ka ga mutum ya ja kwana shida bai ba da ruwa ba sannan ranar da ya samu mai ya cika fangali taf har ya kwanta. Wannan shi ne babban abin da ke jawo baƙin gindin tumatur, ka ga ɗan ya yi kyau ta sama amma ƙasansa ya yi baƙi ya loɓa, mutane su ce cuta ce su sayo maganin feshi, alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa cikin ɗan ba saboda ruwan yau akwai gobe babu. Haka ma tsagewar tumatur da fashewar kankana, ƙishi mai tsawo ne sai ruwa mai yawa lokaci guda. Gara ka riƙa ba da kaɗan akai akai, ƙasa mai yashi duk bayan kwana biyu, mai laka kwana uku zuwa huɗu, da sassafe ko da yamma. Ka tona da yatsa ka damƙi ƙasar, in ta dunƙule a hannunka da sauran danshi, in ta wargaje to lokaci ya yi.

Sannan don Allah ka rufe ƙasar. Busasshiyar ciyawa wadda ba ta da 'ya'ya, ko karan shinkafa bayan an casa, ko buntu, ka shimfiɗa a gindin shuka kaurin yatsu uku zuwa huɗu amma kar ya manne da karan. Ƙasar da rana ke duka kai tsaye a Afrilu ko ƙafa ba ta iya takawa, to ka yi tunanin saiwar da ke kwance ƙasa da ita kaɗan. Rufin nan zai sanyaya ta, ya riƙe maka danshi har ka rage yawan tada inji, ya hana ciyawa fitowa. Illarsa ɗaya gara, in gonarka mai gara ce sai ka sa ido. Wata dabara da ke taimakawa ita ce ka shuka layin masara a gefen gona da kuma tsakani duk bayan 'yan layuka tun sati biyu zuwa uku kafin dashe, tana karya iska mai zafi tana ba da 'yar inuwa da yamma, ga ɗanyar masara ta gashi da za ka sayar. Kuma kar ka yawaita fige ganyen tumatur a wannan lokaci, shi ne laimar 'ya'yan, in ka tsiraita su rana za ta ƙona gefe ɗaya ya yi fari fat ba mai saye.

Taki a taƙaice: ruɓaɓɓen takin gargajiya tun wajen gyaran ƙasa, ɗanyen kashin kaji a zafin nan ƙona saiwa yake. Takin kamfa, wato NPK, bayan dashe da kamar kwana goma, a binne a ba da ruwa. Yuriya kuma a yi hankali da ita, yawanta ganye take sawa mai taushi wanda darɓa da farin ƙuda suka fi so, fure kuma ya ƙara zubewa.

To mu zo kan Sharon, don ita ce ke hana mai tumatur barci. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006 daga nan ta bazu, mu kuma a 2016 ta yi mana ɓarnar da ba a manta ba a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur, masana'antar tumatur ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya saboda rashin kaya. Tun daga lokacin ba ta tafi ba, duk shekara da zafi ya shigo sai ta motsa. Uwar wata 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, da rana tana ɓuya ƙarƙashin ganye sai magariba ta fito. Guda ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200, kuma a zafi daga ƙwai zuwa sabuwar uwa bai kai wata ɗaya ba, ka lissafa da kanka abin da zai faru cikin wata biyu in an ƙyale ta. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba a saman ganye take zama ba, shiga take tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana ci daga ciki, shi ya sa za ka ga wani farin tabo mai faɗi a ganye, in ka ɗaga shi a rana ka hango ta ciki da baƙin kashinta. Daga ganye ta koma kan tsiro da kara, daga nan ta huda ɗan ta wajen hular nan ta sama. Kuma shi ya sa maganin da ke kashewa ta taɓa jiki kawai ba ya samunta, tana cikin ɗaki ka fesa a rufi.

Maganinta na farko ƙafarka ce. Kullum da safe ka zaga gonar, ba gefen hanya kawai ba, ka shiga tsakiya da lunguna kana juya ganye musamman na sama masu taushi inda take yin ƙwai. Ganyen da ka ga tabo ka tsinke ka sa a leda, kar ka yar a ƙasa don tsutsar za ta fito ta shige ƙasa ta zama uwa. Ledar ka ɗaure ka bar ta a rana ta dahu, ko ka binne da zurfi. Ka kafa tarko tun ranar dashe, akwai wani ɗan roba mai ƙanshin macen da ake sayarwa a manyan shagunan kayan gona, ana rataye shi saman roba mai ruwa da ɗan omo ko mai, mazan su zo su faɗa. Biyu zuwa huɗu a hekta sun isa su gaya maka ta iso, in kuma kamun gaske kake so sai ka kai 20 zuwa 40, ana canza ƙanshin duk sati huɗu zuwa shida. In ba ka samu ba, fitilar sola a saman baho mai ruwan omo da daddare tana kama maza da mata. Ranar da ka ga kamun ya fara yawa to ƙwai na kan ganye, lokacin feshi ke nan, ba sai gona ta yi kamar an bi ta da wuta ba.

Wajen feshin nan ne nake ganin ana zubar da kuɗi har abin ya ba ni tausayi. Mutum zai sayi kwalba uku masu suna daban daban ya haɗa a famfo ɗaya, alhali in ka karanta ƙananan rubutun duk sinadari ɗaya ne, ya fesa yau ya fesa jibi ya ƙara yawan awo, ƙwarin da suka tsira su haifi 'ya'yan da maganin ba ya yi musu komai. Ka daina kallon babban sunan, ka duba sunan sinadarin da lambar rukuninsa. Emamectin da abamectin 'yan gida ɗaya ne, rukuni na 6, canza wannan da wancan ba canji ba ne. Chlorantraniliprole, wanda ke cikin Coragen da Ampligo, rukuni na 28 ne. Spinosad na 5, indoxacarb na 22. Ka ɗauki rukuni ɗaya ka yi feshi biyu da shi tazarar sati ɗaya zuwa kwana goma, sannan ka bar shi na tsawon wata guda ka koma wani rukunin. Su cypermethrin da lambda su kaɗai ba sa yi wa Sharon abin kirki, kuma yawan fesa su yana kashe ƙwarin da ke taya ka aiki, sai ka ga jan gizo-gizon nan ƙanana sun ɓarke, ganye ya yi ɗige ɗige ya koma ruwan ƙasa da yana a ƙarƙashinsa. Jan gizo-gizon kuma abamectin ke kama su, kuma ƙura da bushewa suke so, layukan bakin hanya su suke fara kamuwa.

Awon da aka rubuta shi za ka bi, da sirinji ko murfin awo, ba da ido ba. Ruwan ya zama mai tsabta. A yi feshi da yamma liƙis lokacin da rana ta yi sanyi iska ta kwanta, a juya bakin famfo ya jiƙa ƙarƙashin ganye. Feshin tsakar rana a bazara ƙona ganye yake kuma ya bushe kafin ya yi aiki. Mai feshin ya sa doguwar riga da takalmi da safar hannu ya rufe hanci, kar a ba yaro, ya yi wanka da sabulu in ya gama, kwalbar kuma a huda ta kar wani ya zuba mai ko ruwan sha. Ka duba lambar NAFDAC don jabu sun yi yawa. Sai babbar amana, kowane magani akwai kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da tsinka, wallahi ka kiyaye wannan, tumatur da kokwamba da latas ɗanyu ake cin su, yaran mutane ne za su ci, kuma naka gidan ma daga nan ake ɗiba. Fiya-fiya kuwa ba ta da hurumi a kan abin da za a ci, ko a gona ko a kwando.

Tsakanin feshi da feshi darbejiya tana rage maka kashe kuɗi sosai, musamman kan darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsa. Ka tara busassun 'ya'yanta ka ɓare ka daka, rabin kilo a ruwa lita 10, ya kwana a jiƙe, da safe ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kar ya toshe famfo, ka narka ɗan sabulu ka zuba, ka fesa da yammar ranar don ba ya ajiyuwa. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake ya hana su girma, saboda haka duk sati ake maimaitawa kuma tun ƙwarin ba su yi yawa ba. Ga farin ƙuda kuma ka rataya faranti ko kwali mai launin rawaya ka shafa masa giris, suna son launin sai su manne. Duk shukar da ka ga ta nannaɗe ta tsumbure tun tana ƙarama ka tuge ta, barinta raba cutar take yi.

Wani abu da mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba shi ne tsohuwar gona. Maƙwabcinka ya gama tsinkar tumaturin sanyi a Maris ya tafi ya bar karan a tsaye, to duk Sharon da farin ƙudan da ke ciki gonarka za su dawo don ita ce kore. Ka same shi cikin mutunci ku yi magana, in ta kama ka sa yaranka su taya shi tugewa a tara a ƙone, in kuna da ƙungiya ko sarkin noma a sa doka kowa ya share tasa cikin sati ɗaya da gama tsinka. Gautan kura da ke fitowa a gefen gona shi ma a cire, tana zama a kansa, haka yalo da dankalin Turawa. Kuma kar ka maimaita tumatur a inda ka cire tumatur ko tattasai ko yalo, in ka tuge shuka ka ga saiwar ta yi ƙulu ƙulu to tsutsar saiwa ce a ƙasar, sai ka huta da masara ko dawa ko albasa.

Kankana ita ce sarauniyar bazara, kwana 75 zuwa 90 ta nuna ya danganta da iri. In kasuwar azumi kake hari ka ƙirga baya daga farkon watan, ka tuna kowace shekara azumi yana matsowa da kamar kwana 11. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ƙudan zuma ne ke yi mata barbara kuma da safe yake zuwa, duk wanda ya yi feshin safe lokacin fure ya kori ma'aikatansa da hannunsa, sai 'ya'ya su fito a karkace ko su zube. Darɓa tana son ƙarƙashin ganyenta, ka ga ganye ya dunƙule yana maiƙo tururuwa na hawa. Akwai kuma ƙudan da ke sokar ɗan yana ƙarami ya yi ƙwai ciki, irin waɗannan a tsince a binne. Ka bar 'ya'ya biyu ko uku a kowace shuka in manya kake so, ka sa musu ciyawa a ƙasa ka ɗan rufa musu ganye saboda rana. Sati na ƙarshe ka rage ruwa, zaƙin zai fi. Alamar nuna, 'yar igiyar da ke kusa da gindin ɗan ta bushe, inda ya kwanta a ƙasa ya koma rawaya. Kuɓewa ita kwana 45 zuwa 55 ta fara, kuma duk bayan kwana biyu sai an tsinka, in ka bari ta ƙosa uwar ta rage haihuwa, kuma saboda tsinkar kusa da kusa ce darbejiya ta fi dacewa da ita fiye da magani mai dogon jira.

Mai albasa kuma, irin mutanen Aliero da Galmi, a wannan lokacin cira yake. Ka tsayar da ruwa kamar sati biyu kafin cira in ganye ya fara kwanciya, ka bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe kafin ka yanke lawashi, kar ka bar ta tsirara a ranar Afrilu ta dahu. Rudun ajiya ya zama a ɗage daga ƙasa iska na ratsawa, ana zagawa ana tsince ruɓaɓɓu.

Masu mangwaro da gwaiba da lemu naku abokin gabar ƙudan 'ya'yan itace ne, wanda ya shigo Afirka ta Kenya a 2003 ya mamaye ko'ina. Mangwaro ya yi kyau a ido, mai saye ya yanka ya tarar da tsutsa, gobe ba zai dawo wurinka ba. Tsutsar daga ɗan da ya faɗo take fita ta shiga ƙasa ta dawo ƙuda, saboda haka tsince na ƙasa duk kwana biyu shi ne babban aiki, a binne su a rami mai zurfin rabin mita ko a ɗaure a baƙar leda a rana. A rataya tarkon wani sinadari mai ƙanshi da ake kira methyl eugenol a gorar ruwa da aka huda tun 'ya'ya suna ƙanana, yana jan mazan, amma ka sani ƙudan kankana da kokwamba ba ya zuwa wa wannan, nasa ƙanshin daban ne. Ka cire mangwaro da ya ƙosa kafin ya yi laushi a bishiya, da ɗan guntun sandansa, kar a kaɗo shi ya faɗi ƙasa. Ƙananan bishiyoyi 'yan shekara ɗaya zuwa biyu kuma a yi musu kwano a gindi a rufe da ciyawa a riƙa ba su ruwa mai yawa sau biyu a sati, bazara ita ke kashe su.

Kar ka manta tumaturin da ka dasa a Maris zai tarar da ruwan farko a Mayu ko Yuni, da guguwarsa. Kafin lokacin ka kafa sanduna ka ɗaure shukar ta tashi daga ƙasa, ka buɗe hanyar da ruwa zai fita kar ya kwanta. Da an fara ruwa Sharon da jan gizo-gizo sukan ɗan lafa amma cutar ganye ta karɓa, baƙin tabo mai zobe zobe daga ganyen ƙasa yana hawa, nan maganin mancozeb ko wanda ke da sinadarin jan ƙarfe ke aiki kuma rigakafi ne, kafin tabon ya yaɗu ake fesawa. In ka ga shuka ta yi yaushi gaba ɗaya tana kore alhali ƙasa da danshi, ka yanki karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa, in wani farin abu ya zubo kamar zare to cutar yaushi ce ta cikin ƙasa, ba ta da maganin feshi, a tuge da ƙasar gindin kuma kar ruwan wurin ya bi zuwa sauran. Abin da ya shige maka duhu ka ɗauki ganyen a leda ka kai wa malamin gona na KNARDA, hukumar aikin gona ta Kano, ko na hukumar jiharku, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT ma tana da tasha a Bagauda, mutanen Nijar kuma akwai cibiyar binciken noma ta INRAN.

Tsinka da asuba ake yi kafin rana ta ɗaga, a kai inuwa nan take, awa biyu a rana tana rage wa tumatur kwanakinsa. Na kasuwar kusa a bari ya yi ja, amma mai tafiya Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, da ya fara sauya launi ake cire shi ya ƙarasa a hanya. Ka ware mai huda da mai tabo, guda ɗaya ruɓaɓɓe yana jiƙa na kusa da shi. Kiret ɗin roba mai cin kilo 25 ya fi kwando nesa ba kusa ba don nauyin yana kan kiret ɗin ne ba kan tumatur ba, in ana ba da haya a kasuwarku ka lissafa kuɗin hayar da abin da kwando ke matse maka ka gani. Ka yi magana da dillali fiye da ɗaya tun ana saura sati ka fara tsinka, ku yanke la'ada a fili, ka kira ka ji farashin ranar kafin ka tsinka ba bayan kaya sun hau mota ba. Waɗanda aka ware masu ɗan tabo amma ba ruɓa, a yanka su a shanya kauɗa a kan tabarma ko leda mai tsabta a ɗage daga ƙasa, ranar bazara kwana kaɗan ta busar da ita, a zuba a buhu a ajiye wuri mara danshi zuwa tsakiyar damina lokacin da ɗanye ya yi wuya.